Musun Amurka a Teburin Jaridata

Samarin unguwarmu, Ali Kazaure, suna da wata magana da suke yi in sun wuce ta gaban teburina. Sukan ce, "Baba Isiyaku ya huta. Ya shimfiɗa takarda, ya ɗora dutse, ya zauna yana jin hira." Ban taɓa tanka musu a bakin titi ba, domin bakin titi wurin aikina ne. Amma tunda biyu daga cikinsu sun zo suna tambayar yadda ake karɓar jarida a hannun ejan mai rarraba ta, wai su ma za su kafa tebur, zan faɗa musu abin da ke cikin sana'ar daki-daki. Wanda ya karanta ya ga zai iya, bismillah.

Da farko ku san wurin. Teburina yana wata kwana da hanyoyi uku suka haɗu. Wanda ya fito daga Ali Kazaure zai shiga gari, nan zai bi. Wanda ya taso daga Kabong, nan zai sauka daga Keke. Mahautan da ke kawo nama daga Abattoir, nan suke sauke darukansu. Ma'ana Musulmi da Kirista, Bahaushe da Birom da Ibo, kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa su karanta kanu ɗaya. A Jos irin wannan wuri ya yi ƙaranci. Wanda bai gane haka ba, kada ya ɗauko ko dutsen danne jarida.

Wurin Oga Linus na koya, wani Ibo mai ɗingishi da ya riƙe kwanar nan tun ina firamare. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare. Mahaifina tela ne, shi ke yi wa Oga Linus ɗinki, sai ya kama hannuna ya kai ni wurinsa. Wata uku cur mutumin nan bai bari na jera jarida ko ɗaya ba. Aikina in je inda motar jarida ke sauke kaya, in tsaya cikin sanyin da ke hana yatsu lanƙwasuwa, in karɓi ƙunshinmu, in ɗauko a ka. In na kawo sai in zauna in zura shafukan ciki, domin a lokacin daban suke zuwa. Ranar da na zura na wata jarida a cikin wata, bai zage ni ba. Ya sa na warware ƙunshin duka na sake, yana tsaye yana shan shayinsa.

A wata na huɗu ya nuna mini jeri. Ga yadda yake. Kafin ka ɗora komai a tebur, ka karanta kanun kowace jarida, ka ware masu zafi. Mai zafi ba ta zama gefen titi, inda mai wucewa zai fizgi rabin magana ya kai kasuwa. Tsakiyar tebur take zama, inda sai mutum ya tsaya ya sunkuya. Masu zafi biyu ba sa maƙwabtaka, sai ka sa ta ƙwallo a tsakaninsu, domin ƙwallo tana janye rabin taro. Sannan dutse. Dutse ba ya hawa kan kanu, ba ya hawa kan fuskar mutum. Na taɓa ɗora shi a kan hoton wani babban malamin coci ba da niyya ba. Oga Linus ya ɗauke shi da sauri kamar garwashi, ya ce, "Isiyaku, kai yana so ka kashe mu?"

Kayan aikin ba su da yawa. Tebur na katako. Duwatsu goma sha biyu masu santsi da na tsinto a bakin wani tsohon kududdufin kuza. Igiya da maƙalan shanya don rataye mujallu. Babbar leda, saboda ruwan Jos ba ya sallama, wani lokaci har da ƙanƙara yake zuwa, kuma wanda ba zai iya rufe tebur kafin ya ƙirga goma ba kunu zai kwashe, ba jarida ba. Sai abubuwa biyu da suka fi sauran muhimmanci, wato sitefula da benci.

Da sitefula muke maƙale bakin kowace jarida da fil biyu. Dalili shi ne cikin mutum ashirin da ke tsayawa, da ƙyar biyu suke saye. Sauran 'yan karatun tsaye ne. In ba ka maƙale ba, kafin azahar jaridar ta sha maiƙo da gumi, kuma ejan ba ya karɓar kwantai mai datti. Saboda haka mai tsayawa shafin gaba da na baya kawai yake gani. Ku riƙe wannan da kyau: yawancin musun da ake yi a gaban teburin jarida a kan kanu kaɗai ake yinsa, babu wanda ya ga cikin labarin.

Benci kuwa mutum biyar yake ci. Dokar Oga Linus, wadda na gada, ita ce karatu a tsaye, musu a zaune. Wanda ya ɗaga murya sai in ce, "Malam, ga wuri." In ya ƙi zama, in ce ya ƙara gaba. Ba don ladabi ba ne. Mutumin da ke zaune sai ya miƙe kafin ya kai hannu, kuma a wannan ɗan lokacin kai ka riga ka shiga tsakani.

Masu zuwa wurina suna da yawa, amma uku ne suka fi daɗewa a bencin. Akwai Alhaji Tanimu, mahauci, yakan iso wajen ƙarfe goma bayan ya raba wa masu abinci nama. Turancinsa ba ya wuce kanu, amma rediyo ba ta rabuwa da kunnensa, babu ƙasar da bai san sunan babban birninta ba. Akwai Oga Benedict mai sayar da kayan janareta, haifaffen Jos ne, sau biyu rikici yana kora shi garinsu, sau biyu yana dawowa. Sai Tisha Pam, tsohon malamin firamare daga Kabong, wanda yakan sayi jarida ranar Asabar ya bi ta da jan biro yana gyara kuskuren rubutu.

Musun ƙwallo yana ƙarewa in an tashi wasa. Musun zaɓe yana ƙarewa in an rantsar. Musun Amurka ba ya ƙarewa. Fiye da shekara ashirin mutanen nan suna kansa, har Alhaji Tanimu ya sa wa Benedict suna Jakada, shi kuma yana kiransa Ministan Waje na Abattoir. Kusan kullum haka yake farawa.

"Alhaji, duniya kamar kasuwa ne," in ji Benedict. "Kasuwa in babu ɗan sanda, mai ƙarfi zai kwashe kaya na kowa. Amurka shi ne ɗan sanda."

"To wa ya ɗauke shi aikin, Jakada? Wa ya ba shi kaki? Ɗan sandan da shi ne mai kamu, shi ne alƙali, shi ne gandiroba, kuma in ya gama ya zuƙe maka man mota ya tafi?"

"Ko ku a Abattoir kuna da sarkin fawa."

"Sarkin fawa mu muka naɗa shi. In ya ci amana mu tuɓe shi. Je ka tuɓe Amurka mu gani."

Sai Tisha Pam ya cire tabarau ya ce, "Da ɗalibaina ne ku, huɗu cikin goma zan ba kowa. Benedict bai faɗi wa ke hukunta ɗan sanda ba. Alhaji bai faɗi wa za a kira in ɓarawo ya shigo gida ba."

Ni ba na cewa komai. An sha tambayata inda na tsaya, amsata ɗaya ce, jarida nake sayarwa. Aikina yayin da suke magana shi ne kallon hannuwa da ƙafafu. Ina duba wanda ya ajiye ledar hannunsa a ƙasa, da wanda ya gyara zaman takalminsa, da baƙuwar fuskar da ta tsaya ba ta karanta komai.

Yanzu shekarar da ta fi muni. Shekarar da Amurka ta shiga Iraƙi ce. Gari bai gama farfaɗowa daga rikicin addinin da kowa ya sani ba, Oga Linus ya riga ya tattara iyalinsa ya koma gida, ya bar mini teburin. Jarida tana tafiya sosai a lokacin, kafin hantsi wasu sun ƙare, amma kowace safiya in na kwance ƙunshi sai na yi addu'a kafin in duba hoton gaba.

Wata safiya wata mujalla ta zo da hoton sojan Amurka yana tsaye a kan wasu fursunoni da aka ɗaure wa idanu. Na dube ta, na dubi titi. Na yanke shawarar ba za ta hau igiya ba. Na naɗe guda shidan da aka ba ni na tura ƙarƙashin tebur, na rufe da leda. A tunanina na kashe wuta.

Abin da ban lissafa ba shi ne, an rataye ta a sauran teburan gari. Wajen ƙarfe sha ɗaya wani matashi ya zo ya ce yana son mujallar nan mai hoton soja. Na ce babu. Ya sunkuya ya ɗaga leda, ya zaro ta ya ɗaga sama. Nan take magana ta rabu biyu. Mutanen ɓangarenmu suka ce ni yaron Ibo ne, ɓoye wulaƙancin da ake yi wa Musulmi nake. Mutanen ɗaya ɓangaren suka ce ajiye ta na yi zan kai masallaci in tunzura jama'a. Babu wanda ya zauna a benci. Ban ga wanda ya fara kai hannu ba, na dai ga tebur ya kife, kuma ɗaya daga cikin duwatsuna ya fasa kan wani direban tasi da bai san ma me ake yi ba. Allah ya taƙaita, motar 'yan sanda tana kusa. Suka watsa taro, suka jefa tebur da benci a bayan mota, suka haɗa da ni.

Wata takwas na yi ba tebur. Ina rungume jarida a ƙirji ina bin motoci a cunkoso, ruwa ya dake ni, rana ta dake ni. Da aka mayar mini da teburin, sai da mai unguwa ya raka ni, na sa hannu a takarda cewa duk ranar da aka sake ba hammata iska a wurina, an ɗauke shi ke nan har abada. Takardar tana nan a ofishinsu. Duk sabon baturen 'yan sandan da aka kawo yankin, sai an nuna masa kwanar, an nuna masa ni. Tun daga nan ban sake ɓoye takarda ba. Abin da aka ɓoye a garin nan, kowane ɓangare yana ɗauka don shi aka ɓoye.

Shekaru suka wuce, waya ta shigo, saye ya ragu, taro kuma bai ragu ba. Ya ma ƙara wuya. A da kowa kanu ɗaya yake gani a gabana. Yanzu kowa da nasa labarin a aljihu yake zuwa, da bidiyon da babu wanda ya san inda aka ɗauke shi, yana neman wanda zai yi wa ihu.

To sai safiyar da nake son ku ji. Shugaban Amurka ya yi magana a kan kashe-kashen da ake yi a ƙasar nan, ya ce Kiristoci ake kashewa, har ya ambaci yiwuwar turo soja. Wannan karon ba Iraƙi ba ce, ba Libiya ba ce. Mu ne. Da na kwance ƙunshi, jaridu bakwai duk kanu ɗaya, manyan baƙaƙe, wasu da hoton jirgin yaƙi. Babu ta ƙwallon da za ta isa ta raba su. Na jera su a tsakiya kamar yadda aka koya mini, na maƙale kowace da fil biyu. Sannan na yi abin da ban saba ba, na rage duwatsu zuwa huɗu, sauran na zuba a buhu na zauna a kai.

Kafin ƙarfe tara na ƙirga kawuna talatin. Da na sake ƙirgawa sun haura arba'in, 'yan Keke sun faka a layi sun bar fasinja. Mai kosai da ke kusa da ni ta sauke kaskonta ba ta gama ƙullu ba. Shaguna biyu na tsallaken titi sun ja ƙofa rabi. Can gaba kaɗan motar 'yan sanda ta zo ta tsaya, ba wanda ya sauko.

Benedict ya riga kowa zuwa, amma bai zauna ba. Alhaji Tanimu ya iso da rigar aiki, bai ko wanke hannu ba, shi ma bai zauna ba. Tisha Pam yana tsaye a gefe. A lokacin nan babu Jakada, babu Minista.

"Su zo!" in ji Benedict. "Shekara nawa muna binne mutane? Surukina a ƙauye aka kashe shi da yara biyu. Wa ya kama wani? In gwamnati ba zai iya ba, bari mai iyawa ya zo."

"Mu ba mu binne ba?" in ji Alhaji Tanimu. "Mutumin da ke kawo mini shanu shekara goma sha biyar, a hanya aka tare shi, ko gawarsa ba mu gani ba. Shi ba mutum ba ne? Amurka ta ƙirga shi? Sun je Libiya gyara, bindigogin da suka watsu daga can su ne ake harbinmu da su yau, ni da kai."

Wani daga baya, baƙuwar fuska, ya ɗaga waya sama ya ce jiragen sun riga sun taso, an nuna a bidiyo, kuma unguwannin Musulmi za a fara. Wani daga ɗaya gefen ya ce ai dama lokaci ya yi. Na ga taron ya fara tsagewa, waɗannan suna matsawa hagu, waɗancan dama, tebur a tsakiya. Na ga mutum biyu sun ajiye ledojinsu a ƙasa.

Abubuwa uku ne a gabana. In kwashe jaridu, kuma na san abin da ɓoyewa ke haifarwa. In bar su a maƙale, kowa ya ci gaba da faɗa a kan manyan baƙaƙe da hoton jirgi. Ko in yi abin da mai jarida ba ya yi.

Na ɗauki wadda ta fi kowace zafin kanu, na sa farce na ɓalle fil ɗin biyu a gaban kowa. Na buga tafin hannu a tebur. Na ce, "Yau karatu kyauta ne. Amma daga farko har ƙarshe za a karanta, kuma da ƙarfi. Wanda bai ji ƙarshe ba, ba shi da bakin magana a wurina. Oga Benedict, kai za ka karanta. Tisha, kai za ka juya da Hausa. Alhaji, zauna tsakaninsu ka sa ido kada su tsallake layi."

Alhaji Tanimu ya ce, "Ni da ba na jin Turanci zan sa ido?"

Na ce, "Yatsansa za ka bi. In ya yi tsalle ka riƙe shi."

Mutum biyu ko uku suka yi dariya, ba da yawa ba. Tisha Pam ne ya fara zama, ya sa tabarau. Benedict ya dube ni, ya dubi motar 'yan sanda, ya karɓi jaridar ya zauna. Alhaji Tanimu ya ɗan jima a tsaye, sannan ya goge hannu a riga ya zauna tsakaninsu.

Labarin dogo ne. Ya fara a shafin gaba, ya ci gaba a shafi na shida, ya sake tsallakawa wani shafin can ciki. Benedict yana karanta jimla ɗaya ya tsaya, Tisha ya juya, kuma Tisha ba mai sauri ba ne, sai ya zaɓi kalma ya fasa ya sake. An karanta abin da shugaban ya faɗa. An karanta amsar gwamnatinmu. An karanta ra'ayin wasu malaman coci, wasu suna maraba, wasu suna cewa a yi hattara. An karanta na wasu malaman Musulunci. Babu inda aka ce jirgi ya taso, babu inda aka ambaci wata unguwa. Alhaji Tanimu ya tsayar da karatun ya fi sau goma.

"Koma baya. Za su zo ya ce, ko za su iya zuwa?"

"Za su iya," in ji Tisha.

"To Jakada, ka ji. Ko ɗan sandan naka bai ɗaura takalmi ba tukuna."

"Amma ya yi tari," in ji Benedict. "Tunda ya yi tari, duba yadda manya suna gudu sama da ƙasa. Mu mun yi kuka shekara ashirin, wa ya motsa?"

Alhaji Tanimu ya mayar da ido kan jaridar. Ya ce, "Wannan kam gaskiya ce. Ci gaba."

Ni idona yana kan taro. Mutum ba ya iya riƙe fushi a tsaye tsawon shafi uku, musamman in ana juya masa jimla-jimla. Wani ɗan Keke ya samu fasinja ya tafi, na biyu ya bi shi. Mai bidiyon ya yi ƙoƙarin katsewa sau biyu, waɗanda ke kusa da shi suka ce ya bari a ji. Kafin a kai shafi na ƙarshe na nemi fuskarsa ban gani ba. Waɗanda suka ajiye leda sun ɗauka. Da aka gama na ƙirga mutum goma sha ɗaya.

Tisha Pam ya ninke jaridar ya ce, "Ni ma na binne ƙanena, kun sani. Abin da nake tambaya ɗaya ne. Wanda ke cikin jirgi can sama, in ya leƙo Jos, yaya zai bambanta kwanon gidana da na Alhaji? Duk tsatsa ɗaya ce."

Benedict ya ce suna da na'ura mai gani. Alhaji Tanimu ya ce na'urar ce ta gani a wuraren da aka jefa wa masu biki bam. Suka ci gaba, murya sama, amma a zaune.

A lokacin ne wani sajan ya sauko daga motar 'yan sandan ya tsallako titi. Ya ce, "Baba, tattara kayanka na yau. Oga ya ce ka zo ofis jibi ƙarfe tara. An kira shi an ce ana taron tayar da hankali a nan." Na ce ba a taɓa kowa ba. Ya ce shi saƙo aka ba shi. Ban yi gardama ba. Na tattara kafin azahar, abin da ban taɓa yi ba sai don ruwa, na kai tebur da benci shagon wani mai walda na ajiye.

Washegari ban fita ba. Na je wurin ejan na ce kada ya ware mini kaso sai ya ji daga gare ni. Na je gidan mai unguwa, aka ce ya yi tafiya. Na gwada ƙafafuna a hanyar dawowa, na ga ba za su sake bin motoci a cunkoso ba.

Ranar da aka ce, na sa farar riga na isa tun tara saura kwata. Tun daga ƙofa na jiyo murya. Na shiga na tarar da Alhaji Tanimu da Benedict a kan bencin masu jiran ƙara, Tisha Pam yana gefe da jarida a hannu. Ban kira kowa ba. Sun ji abin da sajan ya faɗa ne, kowa ya taho da ƙafarsa don ya yi shaida, tun ƙarfe takwas. Da zama ya yi tsawo sai suka koma inda suka tsaya. Na same su a kan Afganistan, ɗan sandan da ke kan kanta ya ajiye biro ya shiga ciki, yana bayan Benedict, wata mata da ta kawo ƙarar satar waya tana bayan Alhaji.

Baturen 'yan sandan ya buɗe ƙofarsa ya fito da tsohuwar takardar nan a hannu, na gane ta daga nesa. Ya dubi bencin, ya dube ni.

"Kai ne mai jarida?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Waɗannan mutanenka ne?"

"Masu karatu ne a wurina."

"Awa ɗaya ke nan ban iya amsa waya ba saboda su. Kullum haka suke?"

"Fiye da shekara ashirin, ranka ya daɗe."

"Kuma ba su taɓa dambe ba?"

Alhaji Tanimu ya ce, "Yallaɓai, in na doke shi da wa zan yi musu gobe?"

Benedict ya ce, "Oga, in ka ɗauke tebur, mu ba mu da wani wuri. Nan za mu riƙa zuwa. Bencinku ma ya fi faɗi."

Baturen bai yi dariya ba. Ya daɗe yana duban takardar. Ya ce mini takardar tana nan ba ta mutu ba, kuma in labarin ya sake zafi zai sa a rufe kwanar ko an yi faɗa ko ba a yi ba, domin shi gari aka ba shi tsaro, ba tebur ba. Na ce na ji. Sannan ya nuna ƙofa da takardar.

"Kwashe su ka mayar da su inda ka samo su. Yau ɗin nan."

Mu huɗu muka fito. Mai walda ya taya ni fito da tebur, Benedict da Alhaji Tanimu suka ɗauki benci, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ba ni da jarida ko ɗaya da zan ɗora, tunda ban karɓi kaso ba. Na kafa teburin haka nan babu komai a kai, na tsaya a bayansa ina kallon hanyoyin nan uku.

Alhaji Tanimu ya zauna, ya buga wurin da ke kusa da shi da tafin hannu.

"Zauna, Jakada. Ba ka gaya mini wa ya ba shi kaki ba."